Yadda Za Ka Ci Kilishin Hajiya Ba Tare Da DNA Ya Tona Ka Ba

Ya akhi, matso. Alhazan Kano sun kawo wa Hajiyarku kilishi nan Makka, ta ɓoye a gwangwani saman tallaja, wato firji, wai na surukai ne, kuma ta rantse duk wanda ya taɓa sai ta ƙwace jawwal ɗinsa, wato wayarsa, har bayan aikin Hajji. Bi matakan nan, na lamunce maka ciki cike, waya a aljihu.

1. San abokin gaba

Shurɗa, wato 'yan sanda, yanzu ba sa wahala. Su tsinci gashi ko yawu, su kai ɗakin gwaji, su gwada da rumbun da suka tara samfurin mutane, sai ga sunanka ya fito. A gidanku, shurɗa ita ce Anti Rabi'atu, da ta yi zango ɗaya tana karatun gwaje-gwaje ta dawo tana kallon buroshin kowa. Ba ta da na'ura, amma tana da baki.

2. Kula da yawu

Kada ka gatsa ka ajiye. Guntun da ka bari shaida ne. Masana sun tabbatar: wanda ya cinye duka bai bar komai a gwada ba. Cinye, har garin yajin.

3. Jawo ɗan'uwa

DNA ɗin 'yan gida ɗaya kama yake yi. Wannan rahama ce. Ba ɗan'uwanka Dawuda loma ɗaya. In an zo bincike, ka ce:

"Anti, ni da shi uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ina za ki rarrabe?"

In ya musa, ka ce ya hura mata iskar bakinsa.

4. Rabu da gashi

Nan gwanaye ke faɗuwa. Sili ɗaya a bakin gwangwani, halas, an gama da kai. Amma in ka yi aski ƙwal haka kawai a unguwarku Hindawiyya, kafin ka iso gida labari ya riga ka. Saboda haka ɗauki harami, hau mota zuwa Tan'im, yi Umra, ka aske tas. Yanzu ko ta tsinci gashi, da wanne za ta gwada? (Girarka kuma, to, ka yi ta addu'a.)

5. Shigo da natsuwa

Sallama a hankali, ido a ƙasa. Hajiya za ta ga kai yana sheƙi.

"Wa nake gani? Kai da sai an yayyafa maka ruwa kake tashi Asuba?"

"Zuciya ce ta motsa, Hajiya."

Za ta share ƙwalla. Za ta kira ƙanwarta a unguwar Nakkasa ta ba ta labari. Sannan ta juyo:

"Rabi'atu, sauko min da gwangwanin nan. Yaron da ya yi Umra ba a sa shi ba, ai ya ci kilishi ko da na surukai ne."

6. Babu mataki na shida

Anti za ta buɗe, ta leƙa, ta ga wayam, ta dubi kanka, ta dubi Dawuda da ya riga ya nuna ka da yatsa. Miƙa wayar da hannu biyu, ya fi mutunci.

Sanarwa: ni ban san ka ba, ban san gwangwani ba. Umra dai ka yi, in ta karɓu ka sa ni a addu'a. In kana da ƙorafi, kira ni bayan Hajji.