Bel na Huɗu

"Lafiya lau, angona. Ya ciwon gwiwa? Na ga har yanzu ba a zo an kwashe ka an kai bola ba."

"Masu kwasar sun zo," in ji tsohon bakanike. "Na ce su jira matata ta iso a yi lodi ɗaya."

Jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, mai koyar da tuƙi a wata makarantar mota. Tun tana rarrafe yake ce mata matarsa, ita kuma tun da bakinta ya buɗe ba ta taɓa raga masa ba. Ta tsallake tiren notuna, ta ajiye leda kusa da shi a kan bencin da yake zaune.

Bencin na mutum biyu ne. Shekara arba'in da ɗaya yana zama a wannan gefe, amininsa da ake wa laƙabi da Baƙin Mai yana wancan. Wata uku ke nan da aka kai Baƙin Mai makwancinsa, Allah ya jiƙansa, amma har yau tsohon a takure yake zama, kamar akwai mai matsa shi. Ya daina karɓar aiki, masu kawowa ma sun daina leƙowa. Mota ɗaya ce ta rage a garejin, bonet a buɗe.

Gardama ce ta haifi motar nan. Baƙin Mai ɗan goyon bayan turbo ne, abin ƙara wa injin ƙarfi. Cewa yake hayaƙin da za a zubar ne ke juya shi ya cusa wa injin iska, ƙarfi ne a ɓagas. Tsohon ya ce turbo malalaci ne, sai injin ya yi zufa yake farkawa; sufacaja, wanda bel ke ja daga jikin injin, shi ne jarumi, kana taɓa totur ya amsa. Baƙin Mai ya ce ai naka ɓarawo ne, ƙarfin injin yake sha kafin ya ba shi. Da furfura ta rufe su, suka ce a ɗora duka biyun a injin ɗaya: sufacaja ya ɗauki tashi, in gudu ya kama ya saki, turbo ya karɓa. Sun haɗa komai, saura bel ɗin sufacaja, aka kwantar da Baƙin Mai a asibiti.

"Ga saƙonka," ta ce. "Bel na huɗu. Matan wasu turare ake kawo musu, ni roba ake aike ni."

"Ke da ɗalibanki suka rushe katangar makarantarku sau biyu, turaren me za a ba ki?"

"Sau ɗaya ne. Kuma katangar ce ta shigo hanya."

"An ce in kin fito titi, awaki bishiya suke hawa."

"Su ai suna da wayo. Kai fa? Na farko ka ce ya yi gajere. Na biyu ka ce in je in yi igiyar shanya da shi. Na uku ka ce haƙoransa ba su yi ba. Kai da ko haƙori huɗu ba ka da shi, kake raina na bel!"

"Biyar ne. Kawo yatsa ki ƙirga."

"Allah ya tsare ni. Ban yi allurar kare ba."

Ya zaro bel ɗin daga leda, ya miƙa hannu nesa yana karanta lambar. Sai murmushin ya ɗauke.

"Ba wannan na rubuta miki ba."

"Na sani. Na ba mai shago takardarka, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce wannan lambar ta injin niƙa ce, ko kakan nawa ya koma niƙa?"

"Ina kika samo wannan ɗin to?"

Ta nuna da haɓa. A bango, saman inda suke rataye sifana, akwai lamba da alli, baƙaƙen a karkace kamar za su faɗi. Rubutun Baƙin Mai ne.

"Wata uku kana zaune kana fuskantarta, Kaka."

"Idona ya mutu."

"Idon da ya hango ni daga ƙarshen layi ya ce fakin ɗina ya karkace?"

Ya sunkuyar da kai. Ya yi ta juya bel ɗin a hannu yana shafa haƙoransa da babban yatsa. A waje wata mota ta wuce, garejin ya koma tsit.

"In na ɗaura wannan," ya ce a hankali, "aikin ya ƙare. In ya ƙare, gobe me zan buɗe ƙofar nan in yi? Yanzu in na shigo da safe, sai in ga kamar fita ya yi sayen bel."

Ta kau da kai tana kallon rufin kwano. Da ta juyo, bakin nata na nan yadda yake.

"To ni dai na gaji da miji mai tsoron roba. Ko ka ɗaura, ko ka ba ni takardata."

"In na sake ki wa zai kwasa?"

"Layi ake yi. Har da masu haƙori."

"Makafi ne."

"Su dai suna ganin lamba a bango."

Ya harare ta. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗauki sifana. Ya sunkuya a kan injin. Ya zagaya bel ɗin, ya ja, ya ɗaure, ya danna da yatsa. Bel ɗin ya zauna daram.

"Shiga ki taka mini. A hankali, ba kyankyaso za ki kashe ba."

Haka suke yi da marigayin, ɗaya a totur, ɗaya a kan injin yana saurare. Ta murza makulli. Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Tana taɓa totur sufacaja ya ɗauka da wani siririn kuka, motar ta girgiza. Ya ɗaga hannu, ta ƙara. Kukan ya yi sama, ya yanke, injin ya yi tuntuɓe kamar zai mutu. Can sai fito ya taso daga wajen salansa, turbo ya karɓa, har kwanon rufin ya hau karkarwa.

Tsohon ya waiwaya hagu da sauri. "Ka ji malalacin naka? Sai da nawa ya goyo shi har..."

Babu kowa a hagun. Ya tsaya da baki a buɗe, sannan ya yi mata alama ta kashe.

Ta fito, ta tsaya a gefensa. Sai da injin ya daina ƙas-ƙas ta ce, "To wa ya ci?"

"Nawa ya tashe ta." Ya goge fuska da tsumman aiki, ya bar baƙi a kumatu. "Nasa ya fi ƙarfi. Kar ki gaya wa kowa."

"Tuntuɓen nan na tsakiya fa?"

"Bawul ɗin da ke sakin wannan ya ba wancan ne bai daidaita ba. Aikin sati uku ne, ko huɗu in da ƙafarki za a yi. Kuma mutum ɗaya ba ya yin sa."

"Ka roƙe ni."

"In roƙi matata?"

"Da ladabi."

Dariya ta kuɓuce masa, wata tsatstsauriya da ta daɗe ba ta fito ba, har ta zame masa tari. Ya zare makullin ya danƙa mata a tafin hannu.

"Kin ci. Riƙe, don kar ki ce ba ki da dalilin zuwa. Makullin kawai, motar sai na mutu."

"To ka yi sauri mana, angona."

"A'a," ya ce, yana sauke bonet ɗin a hankali. "Baƙin Mai ya yi sauri, ya ishe mu. Gobe ƙarfe huɗu."