Gayyar Tafkin Marke

A wani daji da ke tsakanin duwatsu biyu akwai tafki da ake kira Tafkin Marke, saboda tsohuwar bishiyar da ke bakinsa. Nan dabbobi ke sha, nan suke wanka, da yamma su baje a kan yashin gabas suna hira. Tafkin ba shi da idon ruwa. Sau ɗaya a shekara, in kogi ya kawo, ruwa kan biyo wani siririn kwari ta yamma ya cika shi. Kwana biyar zuwa shida kogin ya janye, shi ke nan sai baɗi.

Wata tsohuwar kififiya mai suna Tabawa ce ta fara gane kwarin ya toshe. Ta yi iyo zuwa can wata safiya, ta tarar kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta cushe bakinsa, yashi kuma ya taru a bayanta har ya kai tsayin barewa. Ga shamuwa ta riga ta iso, hadari ya fara haɗuwa. In kogi ya kawo ya koma bai shigo ba, kafin bazara tafkin zai zama taɓo. Masu dogayen ƙafafu za su yi tafiyar yini su sha a kogi. A wurinta tafiyar mako ce, kifi kuwa ba su da inda za su.

A tudu ake zaman majalisa, ƙarƙashin marken, don haka ba a taɓa ganin kifi a zaman ba. Tabawa suka roƙa ta yi magana da yawunsu. Ta rarrafo gaban Dorina, wadda ke riƙe da sarautar Magajiyar Tafki.

"Ranki ya daɗe, kwari ya toshe," in ji ta. "Da idona na gani. Abin da ya rage mana bai wuce kwana goma ba. Ba sabon abu na zo nema ba, gayya nake roƙo irin wadda iyayenmu suka saba. Mai haƙa ya haƙa, mai ja ya ja, mai ɗauka ya ɗauka."

Magajiya ta yi hamma ta ce, "Mun ji, Tabawa. Ni dai a gurbin da nake kwanciya har yau ruwa na rufe mini kunne. Amma ba za mu ƙaryata tsohuwa ba."

Sai Malam Dogo zalɓe ya gyara tsayuwa a kan ƙafa ɗaya. "Ranki ya daɗe, babu wanda ya kai ni son tafkin nan, tun asuba nake cikinsa. Shi ya sa nake tsoron gaggawa. Kwarin nan na tafki ne ko na kogi? Ba a tantance ba. In muka taɓa kacala, mun san abin da ke ƙarƙashinta? Ruwa kaɗan ma yana da nasa amfani, ana ganin ƙasa, ana sanin wanda ke ciki. A kafa kwamiti ya duba."

Daga can baya wani gyado, aladen daji, mai suna Jatau ya ɗaga kai. "A ba ni kwana uku, ni da dangina. Haƙa ce sana'armu."

Tanimu biri, wanda ke shirya duk wani shagali a dajin, ya yi wuf ya ce, "Gayya ai taron mutunci ne. Za mu gayyato baƙi daga dajin maƙwabta, za a yi kiɗa. Ban ce komai game da kowa ba, amma akwai waɗanda in sun shiga ruwa sai ya kwana biyu bai kwanta ba."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Jatau ya tashi ya tafi. Aka tsai da gayya nan da kwana huɗu, aka ba Tanimu shugabancinta, Malam Dogo kuma ya zama mai ba da shawara.

Ranar gayya kowa ya fito, kuma an yi aiki tsakani da Allah. Aka share yashin gabas tas. Bareyi suka jera fararen duwatsu a bakin ruwa, aka gyara wurin zaman baƙi, aka yi tseren iyo. Tabawa tana ta bin ƙafafun jama'a tana tambaya yaushe za a nufi yamma. Wani ya ce bayan kiɗa, wani ya ce bayan abinci. Da ta samu Malam Dogo, ya dube ta daga sama ya ce, "Kwari yana mataki na biyu, Tabawa. Ki kwantar da hankalinki."

La'asar ta yi, wata tsattsewa ta sauka ta ce an yi ruwa mai yawa a arewa, kogi na tafe, jibi zai iso. Taro ya yi murna. Tabawa kuwa ta juya tana kallon yamma.

Washegari ta kama hanyar ramin Jatau. Tafiyar da zomo zai yi kafin ya gama tauna, ita sai da rana ta take ta isa, bayanta ya bushe har yana tsagewa.

"Gwaggo, me ya fito da ke cikin wannan rana?" in ji Jatau.

"Kwarin."

"An ce muna ɓata ruwa. Kina wurin, ba ki ce komai ba."

"Ban ce ba. Tsoro na ji kada su fasa gayyar gaba ɗaya. Na yi kuskure."

Ya soka hancinsa a ƙasa. "In mun haƙa, za a bar 'ya'yanmu su yi wanka a gabas kamar na kowa?"

"Ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Abin da na sani, in ba ku haƙa ba, ni da duk wanda ke cikin ruwan nan ba za mu ga baɗi ba."

Jatau ya durƙusa ya ce ta hau bayansa, ya kira danginsa su tara.

Suka fara haƙa, ita kuma ta nutse tana yanke saiwar kacala da baki. Kogi ya iso yana ruri a bayan yashin, ba su kai ko rabi ba. Kowace safiya Tabawa kan leƙa wani dutse da ke gefen kogi. Rana ta uku ta ga ruwa ya sauka daga inda ya jiƙa jiya da kamu ɗaya. Ba ta gaya wa kowa ba, ta koma ƙarƙashin kacala. Haurin Jatau na dama ya karye a jikin wata saiwa, ya tofar da jini ya ci gaba.

Da hantsin rana ta huɗu yashin ya rufta. Jan ruwa ya kwararo ya yi awon gaba da Tabawa har tsakiyar tafki. Kwana biyu yana shiga, sannan kogi ya janye. Tafkin bai cika ba, ya dai wuce rabi. Zai kai su damina, amma in bazara ta yi tsanani gefe-gefensa ba zai wuce gwiwa ba.

Majalisa ta zauna. Magajiya ta yaba wa gayya, ta ce wannan shi ne amfanin haɗin kai. Tanimu ya kawo kuka cewa jan ruwa ya watsa fararen duwatsun da aka sha wahalar jerawa, kuma an yi haƙar ba tare da sanin kwamiti ba. Aka dakatar da Jatau da danginsa daga yashin gabas har a gama bincike. Wannan karon Tabawa ta yi magana. Ta faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi haurin da ya karye. Aka gode mata, aka ce za a duba.

Ta kuma roƙa a nemi wanda zai sa ido a kan kifi in ruwa ya ja baya. Nan take Malam Dogo zalɓe ya ce ya ɗauki nauyin, aikin sa kai ne, ba ya neman ladan kowa. Kuma a gaskiya, duk tsawon bazarar nan, ko sau ɗaya bai yi fashi ba.