Lefen Bishiyar Dabino

A ƙauyen Kanyar Tudu akwai wani gida a bakin hanyar rafi da ake gane shi tun daga nesa, saboda bishiyar dabino da ke tsaye a tsakar gidan. Duk ƙauyen babu wata sai ita. Manyan gidan uku ne: Inna Tabawa, tsohuwar da idonta ya fara rauni, da babban ɗanta Barmo mai iyali, sai autanta Nomau. An haife shi ana tsakiyar noma, shi ya sa aka kira shi haka, amma sunan bai bi shi ba. Ƙato ne, gemu ya fito, ga ƙarfi, ga rashin ƙiwuya, sai dai duk maganar da aka faɗa masa haka yake ɗaukarta ɗungurungum, ba ya rage mata komai. Mutanen gari suna ce masa dolo, amma in kaya ya yi musu nauyi shi suke fara kira.

Ita bishiyar tana da labari. Mijin Inna, marigayi Malam Cindo, falke ne. A tafiyarsa ta ƙarshe ya zo mata da tsarabar dabino, suka ci tare, ya binne ƙwallo ɗaya a tsakar gida. Bai ga girmanta ba Allah ya yi masa rasuwa. Bishiyar ta girma, duk shekara tana fure, sai ta fitar da ’yan ’ya’ya ƙanana marasa ƙwallo, su zube tun suna kore. Shi kuwa Barmo yara sun yi masa yawa, ɗaki ya yi kaɗan. Ranar da aka yi ruwan shuka ya ce wa Inna, in har bishiyar ba ta haihu ba kafin wata daminar, zai sare ta ya gina ɗaki a wurin. Inna ba ta yi musu ba, don ta san yana da gaskiya. Amma da yamma Nomau ya gan ta ta dafa jikin bishiyar tana share ido da bakin zane, abin ya tsaya masa a rai.

Wata rana Inna ta ba shi wake a ƙoƙo ta ce, “Ka shuka a bayan gida, ka riƙa duba min ko ya fara saiwa.” Nomau ya shuka layi-layi gwanin kyau. Da gari ya waye sai ya bi ramukan ya tone su duka, ya duba, ya mayar. Haka ya yi ta yi kullum. Da waken ya fashe, sai ya tattaro shi a tafin hannu ya kawo mata har ɗaki, tunda ba ta gani sosai.

“Inna, shafa ki ji, kowanne ya fitar da farar wutsiya.”

Inna ta shafa, ta ji waken ya cika hannu, ta yi salati. “Duka ka tono?”

“Ai ba ki ce ɗaya ba.”

Ta zaunar da shi ta ce wannan farar wutsiyar ita ce bakin da tsiro ke shan ruwa da shi, kuma iri ba ya son ido, a bar shi cikin duhu da danshi shi ne gatansa. Waken dai bai yi rai ba, kaji suka ƙarasa shi.

Wata rana Barmo ya leƙa masarar bayan gida ya ga ganyenta ya yi fari-fari. Ya ce, “Masarar nan yunwa take ji. Nomau, ka ba ta abinci.” Shi taki yake nufi. Nomau bai roƙi kowa komai ba. In an zuba masa tuwonsa sai ya zagaya, ya gutsura wa kowace masara loma, ya tsiyaya mata miyar kuka, ya kwana da yunwa. Kafin a ankara shi ya rame, masara ba ta yi ƙiba ba, karnukan unguwa kuwa sun gano wurin, suka tone gindinta suna neman tuwo. Ranar kasuwa malamin gona, Malam Haladu, ya biyo a kan babur ɗinsa, aka ba shi labari. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, amma da ya dubi wuyan Nomau sai tausayi ya kama shi.

“Nomau, ka ci tuwonka,” in ji shi. “Tsiro da kansa yake girkinsa. Ganyen nan kore shi ne tukunyarsa. Saiwa ta kawo ruwa, ganye ya sha iska, hasken rana kuma shi ne wutar. Taki kamar gishiri da daddawa ne a miya.”

Nomau ya gyaɗa kai, ya dubi ganyen masara da girmamawa irin wadda ake yi wa mai girki.

Wata rana, bayan wannan ba da daɗewa ba, yana zaune a tsakar gida sai ya ga inuwar katanga ta rufe barkonon da Inna ta raina a cikin fasasshiyar tukunya. Hankalinsa ya tashi: an ɗauke wa barkono wuta, girki bai nuna ba. Ya ɗauki tukunyar ya matsa da ita cikin rana. Inuwa ta biyo su. Ya fita ƙofar gida, nan ma ta biyo su. Sai ya yi gammo, ya ɗora tukunyar a ka, ya bi rana yamma. Ya wuce gonaki, ya ƙetare rafi, rana tana gudu yana binta, har ta faɗi ta bar shi a wani gari da ake kira Gidan Kwari. Garin kuwa dabino ne ko’ina, kamar gero a gona. Wani dattijo mai gonar dabino, Baba Jibo, ya same shi yana ba barkono haƙuri, ya ji labarinsa, ya ba shi masauki da fura. Da safe Nomau ya komo gida, barkonon ya yi laushi don jijjiga da ƙishi. Inna, wadda ba ta runtsa ba, ta rasa faɗa za ta yi ko kuka, sai ta ce, “Ɗan nan, rana ai tana dawowa.”

Wata rana kabewar da ta hau dangar gida ta yi fure, matar Barmo ta ga tsutsa a ganye ta ce, “Nomau, ka tsare min kabewar nan, kada ƙwaro ko ɗaya ya sauka a kanta.” Nomau ya yi tsaye da mafici tun safe. Ƙudan zuma suka zo, ya kore su, suka harbe shi, bai fasa ba. Da ya ga sun fi ƙarfinsa sai ya cire gidan sauronsa ya lulluɓe kabewar, shi kuma sauro ya yi ta cinsa. Ƙwaro bai sauka ba kam, amma furanni suka bushe, ’yan ƙulolin da ke ƙarƙashinsu suka ruɓe suka faɗi. Malam Haladu da ya sake biyowa ya tsinko fure biyu daga dangar maƙwabta ya nuna masa.

“Wannan siririn namiji ne, ka ga garin da ke cikinsa? Wannan mai ƙulo a gindi kuma mace ce. In garin bai je wurinta ba, babu kabewa. Ƙudan zuman da ka kora su ne ’yan aike.”

Nomau ya daɗe yana kallon furannin. Ranar har amyar zuman maƙwabta ya je ya nemi gafarar ƙudan.

Damina ta wuce, aka yi girbi, sanyi ya zo ya fara ja baya. Bishiyar dabino ta fasa furenta kamar yadda ta saba, Barmo kuma ya fara tara tubali a gindinta. Inna ta daina fitowa tsakar gida da yamma, don ba ta son ta yi tuntuɓe da tubalin nan.

Wata rana Nomau ya tarar da Barmo a ƙofar gida yana wasa gatari, abokansa suna zaune.

“Yaya, me ya sa bishiyar Inna ba ta haihuwa?”

Barmo ya gaji da tambayoyinsa. Bai ko ɗago kai ba ya ce, “Ba ta da miji. Je ka nemo mata.”

Abokan suka kwashe da dariya. Nomau bai yi dariya ba. Ya shiga ɗaki ya sa rigarsa ta Sallah, ya roƙi Inna goro, ya ƙulle a tsumma, ya kama hanyar Gidan Kwari, don nan kaɗai ya taɓa ganin dangin bishiyar. Ya sami Baba Jibo a gona, ya durƙusa, ya gaishe shi, ya ajiye goro.

“Baba, na zo nema wa ’yarmu miji.”

“Wace ’yar taku?”

“Dabinon gidanmu.”

Baba Jibo ya shafa gemu. “A garinmu dai dangin namiji ke zuwa nema.”

“Ta daɗe tana jira, Baba, ba wanda ya zo. Kuma in ba ta haihu bana ba Yaya zai sare ta. Babanmu ne ya shuka ta. Inna ta daina cin abinci sosai.”

Dattijon ya so yin dariya, amma dariyar ta maƙale. Ya tambaye shi ko ta yi fure, ya ce shekaranjiya ta fasa. Sai ya ɗauki goron, ya ja shi gindin wata doguwar bishiya ya ce, “Ga angon, na ba ku.” Kafin ya rufe baki Nomau ya ɗauki fartanya ya fara haƙa gindinta zai tuge.

“Tsaya, tsaya. Wannan angon ba ya barin gidansu. Lefe zai aika.”

Baba Jibo ya sa tsani ya hau, ya yanko furen namijin, fari mai ƙamshi, yana zubar da gari. Ya naɗe a ƙyalle ya miƙa masa. “Ka kai mata da kanka, ka sa mata a cikin furenta. Kada ka ba kowa, kada ka bari ya jiƙe.”

Da Nomau ya iso gida da ƙunshi a ka yana cewa ya kawo lefe, kafin ka ce me matan unguwa sun cika gidan. Suka ce ai lefe mata ke buɗewa, ya kawo su gani. Ya ƙi. Suka yi ta guɗa ta tsokana, matar Barmo har da zama a ƙasa don dariya. Nomau ya aro tsani ya hau. Ƙayar dabino ta yage masa rigar Sallah, ta tsaga masa hannu, bai sauko ba. Ya raba lefen daidai, don kada wani reshen fure ya ce an yi masa rowa, ya cusa a cikin kowanne, ya ɗaure da kaba kada iska ta sace. Ya sauko jina-jina yana murmushi. Barmo ya ce wannan karon haukan ya kai maƙura, har garin wasu ya je ya kunyata su.

Da Barmo ya zo da gatari bayan ’yan kwanaki, ya tarar da Nomau zaune a gindin bishiyar ya rungume ta.

“Yaya, ka ce sai damina. Damina ba ta zo ba.”

Barmo ya dubi gatarin da ke hannunsa. Maganarsa ce, kuma ba a taɓa riƙe masa ita da ƙarfi haka ba. Ya jingine gatarin ya tafi.

’Ya’yan suka fito ƙanana kamar kullum, kowa ya jira su zube. Ba su zube ba. Suka yi ta kumbura, zafin bazara yana dukansu, suka tashi daga kore suka koma rawaya, nonnansu suka yi nauyi har suka ranƙwafo. Masu dariya suka fara ratsowa ta ƙofar gidan suna ɗaga kai. Malam Haladu ya zo ya tsaya ya ce shi kansa kullum yana wucewa, bai taɓa tambayar ko bishiyar tana da namiji a kusa ba. Wata safiya kuma aka ga Barmo yana kwashe tubalinsa yana kai wa bayan gida, inda waken nan ya ƙi yi.

Ranar da hadarin farko ya haɗu a gabas, Nomau ya hau ya tsinko wanda ya fi nuna, ya kai wa Inna. Ta juya shi a hannu, ta kai baki, ta tauna a hankali. Sai haƙorinta ya ci karo da abu mai tauri. Ta fito da shi, ta shafa: ƙwallo ne. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

“Irin wanda babanku ya kawo ne,” in ji ta. “Ɗanɗanon bai canza ba.”

Ta sa aka fitar mata da tabarma gindin bishiyar. Ta kama hannun Nomau, ta shafa tabon ƙayar, ta sa masa ƙwallon a tafi.

“Ka shuka wannan. Kuma kada ka tono ka duba.”

“Ba zan duba ba, Inna.” Ya damƙe ƙwallon, ya yi ɗan tunani. “In mace ce ma ba komai. Yanzu na san gidan surukai.”