Ranar da Kyaftin Ya Leƙa Sama

Duk faɗin unguwar babu wanda ya san sararin samaniya kamar Kyaftin. Gaskiya ne bai daɗe da shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama ba, kuma ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba sai in zai tsallake kwata. Amma wannan ƙaramin zance ne, mahassada ke tayar da shi. Farar rigarsa ta sha guga har tana neman yankar mutum. A kafaɗunsa akwai igiyoyi huɗu da tela ya ɗinka masa, waɗanda yake cirewa ya cusa a aljihu da zarar ya hango ƙofar makaranta, saboda tsabar tawali'u.

A gida ya daina magana, sai sanarwa. "Jama'a, kyaftin ɗinku ne ke magana. Za a kawo abinci nan ba da jimawa ba, kowa ya zauna a mazauninsa." In ya shiga tasi, gaba yake zama, ya dubi direba da tausayi. "Kai dai rarrafe kake yi a ƙasa. Mu can sama babu gefen titi da za ka tsaya ka huta. Zuciya ce kawai." Matan gidan ma sun amfana da iliminsa: yakan ɗaga baƙin tabarau ya karanci gajimare, ya ba su izinin yin shanya, ruwa ya zo ya jiƙa ta tas.

Da aka sa ranar tashinsa na farko tare da malami, sai ya ga zalunci ne a yi wannan tarihi babu shaidu. Ya gayyato Inna, da yayarsa, da kawunsa, da mahaifin yarinyar da yake nema, dattijon da har yanzu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Aka zaunar da su a ɗakin baƙi. Shi kuwa ya taka zuwa wurin ɗan jirgin mai kujera biyu, yana ɗaga wa taga hannu.

Jirgi ya zabura, ƙasa ta yi baya. Gidaje suka koma kamar akwatunan ashana. Malamin ya ce ya kama sitiyari ya ji yadda yake. Ya kama kuwa, kamun da ko maƙera ba za su ɓamɓare shi ba, babban yatsansa ya danne wani ɗan maɓalli da aka yi bayaninsa a aji ranar da yake ɗaukar kansa hoto. Sai iska ta ɗan girgiza su.

"Wayyo Inna! Inna, na shiga uku! Malam, don girman Allah ka sauke ni! Wallahi shago zan koma, ni da ma ba na son sama! Innaaa!"

Malamin ya sha fama kafin ya raba shi da sitiyarin, ya juya da su ƙasa.

Kyaftin ya ratsa ta banɗaki ya wanke fuska, ya gyara kwala, ya shiga ɗakin baƙi da taku na manya.

"Alhamdulillahi, mun sauka lafiya. Iska ta so ta yi mana gardama, har malamin ya ɗan rikice. Na dafa shi na ce, kwantar da hankalinka, kana tare da ni. Aikin nan ba na kowa ba ne, Baba."

Dattijon ya ƙura wa silin ido. Tari ya sarƙe kawu. Yayarsa ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Ana cikin haka ne wata lasifika da ke jikin bango ta yi ƙara, muryar wani ɗalibi ta fito daga sama tangaran, yana neman izinin sauka.

Kyaftin ya dubi lasifikar. Ya daɗe yana dubanta.

Inna ta miƙe, ta kakkaɓe masa kafaɗa. "Sannu, ɗan nan. Duk kiran da ka yi sai da na amsa. Kai ne dai ba ka ji ba."