Takabar Asibi

A wani daji, can inda fadama ta haɗu da duwatsu, an yi wani gauraka mai rawa da ake kira Mai-Tukku. Rawa dai kowane gauraka yana taɓawa, amma shi tasa daban ce. In ya buɗe fukafukai ya dira, ya karkace wuya, tukkun nan na kaɗawa, har Kunkuru sai ya ji kafaɗarsa tana motsi a cikin ƙoƙo. Ba suna, ba aure, ba naɗi da za a yi ba a aiko masa ba. Matarsa Asibi ita ba ta rawa. Daga nesa ya auro ta, danginta duk sun ƙare, ba ta da kowa sai shi, ba ta da ko'ina sai fadamar nan. Aikinta ta danna masa ƙafafu in ya dawo.

Abin da ya kashe rawar kowa ya sani, don a gaban kowa aka yi. Ranar sunan ɗan Zaki ne, a kan falalen dutse, rana tsaka, dutsen ya yi zafi kamar tanda. Mai-Tukku ya taka har ya gaji, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Zaki ya ce, "A sake." Ya sake. Zaki ya ce, "A sake." To wa zai ce wa Zaki an gaji? A wata dirar sai aka ji ƙas, gwiwa ta tafi. Sai ga nama an shigo da shi, kowa ya juya. Asibi ce ta ja mijinta gida, rabi a bayanta rabi a ƙasa.

Ya daɗe a kwance. Da fari ana zuwa dubiya, daga baya sai a aiko da gaisuwa, daga baya gaisuwar ma ta ɓata hanya. Asibi ta kamo fara ta sa masa a baki, ta juya shi, ta kwashe abin da ba a faɗa. Haka har ya cika.

Ranar jana'iza kam daji ya tashi. Waɗanda jiya ba su san hanyar gidan ba, yau su ke nuna wa baƙi. Kura ta yi kuka har ta shiɗe, sai da aka yayyafa mata ruwa.

Asibi ta shiga takaba a gefen kabarin. A dajin nan mai takaba ba ta taka waje, ba ta ɗaga murya, in namiji ya yi sallama sai dai ta sunkuyar da kai. Duk abin da duniya ke ciki ta bakin maƙwabciyarta Agwagwa take ji.

Wata rana Agwagwa ta shigo tana haki.

"Asibi, kina zaune? To gyara zama. An yi taro a gindin kuka a kan mijinki. Wasan kwaikwayo za a yi masa, tun daga ƙwai har kabari."

Asibi ta ji daɗi, ba ƙarya. Ta ce a hankali, "Allah sarki. Ashe ba su manta ba."

"Tsaya dai, ban kai ƙarshe ba."

Ga yadda Agwagwa ta ce an yi. Dila ne uban tafiyar, ya miƙe ya gyara murya ya ce:

"Jama'a, mun yi rashi. Mai-Tukku namu ne gaba ɗaya, ba na fadama kaɗai ba. In muka bar labarinsa ya bi shi rami, 'ya'yanmu za su tuhume mu. Zaki, ransa ya daɗe, ya ba da falalen dutse a yi wasan a kai. Hajiya Kura ta ɗauki nauyin cin 'yan wasa. Aku, aminin marigayi na ƙut da ƙut, shi zai tsara labari. Abu ɗaya ya rage. Labari ba mugu miya ce ba gishiri. Mai rawa ba ya karyewa haka kawai, sai an karya shi. To wa ya karya shi?"

Kowa ya shiga duban ƙasa. Zomo, da bakinsa ya fi ƙafarsa sauri, ya fara, "Ai ranar sunan…" Sai Zaki ya yi hamma. Hamma ce kawai fa, ba wani abu ba. Zomo ya ce shi sunan kakarsa yake nufi.

Aka ce ko a ɗora wa Kura, tunda ita ke karɓar wa Mai-Tukku kyauta a gidan biki, ta kai masa abin da ta ga dama. Kura ta ce ba komai, a ɗora mata, amma 'yan wasa su nemi mai ciyar da su. Aka ce ai wasa ake yi. Wani ya ce a ɗora wa dutsen. Aka ce wa zai bar gidansa ya zo tsine wa dutse? Aka juya ga Maciji, shi da ya saba. Maciji ya ce ya gaji da ɗaukar laifin daji, kuma a tuna danginsa na da ramuka a ƙarƙashin inda 'yan kallo za su zauna.

Sai Aku ya sauko reshe ɗaya ya ce:

"Ni da na san gidan nan ciki da bai…"

"Wanda ko ƙofarki bai taɓa gani ba," in ji Agwagwa, tana duban Asibi.

"…zan gaya muku, babba ba daga waje ake kayar da shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ke kwana da shi? Wa ke tashinsa ya fita neman abin duniya ko jikinsa ya ƙi? Ni ban kama suna ba. Amma ku dubi taron nan, duk mai ƙaunarsa ya zo. Waye bai zo ba?"

Agwagwa ta ce, "Asibi, wallahi kowa sai da ya waiga. Na ce ai takaba kike. Aka ce ba a ba ni magana ba."

Kashegari Dila da kansa ya yi sallama daga bakin ƙofa.

"Gwaggo, ya ƙarin haƙuri? Za mu ɗan taɓa ki a wasan nan, kaɗan dai, don gishiri. In da magana ki faɗa."

Magana kuwa ta taso mata har maƙogwaro. Amma takabar nan ita ce abu na ƙarshe da za ta yi wa mijinta, ba za ta karya ta don Dila ba. Ta sunkuyar da kai. Dila ya jira kamar yadda kaza ke kurɓar ruwa, ya ce, "Shiru ma magana ce. Mun gode, Gwaggo." Ya koma ya ce wa 'yan wasa su hanzarta, a fara kafin ta fita takaba.

Asibi ta riƙa ba kanta baki. Ai ramin ƙarya ƙurarre ne. Ai duk dajin nan suna wurin ranar, da idonsu suka gani.

Aka fara wasa. Ba a jima ba masu zuwa shan ruwa suka daina yi mata sannu. Wata safiya ta tashi ta ga an watsa mata taɓo a ƙofa. Agwagwa ma ta koma shigowa ta baya.

Ranar da ta fita takaba, ta yi wanka, ba ta biya ko'ina ba sai falalen dutse. La'asar ce, wuri ya cika maƙil, Zaki a gaba. Ta tsaya a baya tana kallo.

Zalɓe ne ya fito a Mai-Tukku, an ɗaura masa ciyawa a ka. Yana tsalle kamar wanda kiyashi ya shiga masa gashi, ana ta guɗa. Sai ga Ungulu ta fito, aka ce ga Asibi nan, wuri ya ɗauki tsaki. Zalɓe ya kwanta wai ya gaji. Ungulu ta shure shi ta ce, "Tashi ka taka, malalaci! Me za mu ci?" Ya tashi ya taka. Ta ce, "A sake." Ya sake. Ta ce, "A sake." Aka karya kara a bayan dutse, ƙas, Zalɓe ya faɗi. Sai ga wani rago an yi masa geza da baƙin gashi, wai shi ne Zaki, ya zo ya goya Zalɓe ya kai shi gida. Shi kuwa Zakin gaske yana zaune yana share hawaye da bayan hannu.

Asibi ba ta san lokacin da ta ratsa taro ta hau dutsen ba. Muryarta ta dishe don daɗewa ba ta yi aiki ba, amma an ji ta.

"Ni ce Asibi. Nan aka yi, a kan dutsen nan da nake tsaye. Ban taɓa ce masa ya sake ba, ba a bakina kalmar ta fito ba, kun kuma san bakin da ta fito. Ni na ja shi gida, ga bayana har yau bai miƙe ba. Ba na neman komai a wurinku. Ku yi wasanku, ku ci namanku. Sunana kawai za ku cire. Barewa, ke kina kusa da ni ranar. Faɗa musu abin da kika gani."

Barewa ta dubi Zaki, ta dubi Ungulu, ta ce, "Ni dai, Yaya, an daɗe. Kuma ranar akwai rana a ido. Wasan nan kuwa na gan shi tar, sau da yawa ma."

Daga bayan taro wani ya ɗaga murya, "Gani ya kori ji! Mu mun gani, ke faɗa kike!"

Dila ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce:

"Gwaggo, ki kwantar da hankalinki, wasa ne. Wa ya ce ke ce? Asibi nawa ne a daji? Sannan mun zo har gida mun tambaye ki, ba ki ce uffan ba, ga shaidu. Yanzu 'yan wasa sun haddace, Aku ya kai labarin dazuzzuka na nesa, baƙi na tahowa. In muka cire ki, sai mun sa wani a gurbin. To faɗa mana, wa za mu sa? Ga taro, ki kama suna."

Asibi ta buɗe baki. Zaki ya daina share hawaye, ya zuba mata ido. Ta duba taron nan kaf, ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Bakin ya rufu.

"Kun gani ko?" in ji Aku.

Ba a kwana biyu ba majalisa ta zauna, ta ce fadamar marigayi za ta zama wurin ziyara, kuma bai dace wadda ta kai shi kabari ta riƙa kwana a gefen kabarin ba. Agwagwa ce kaɗai ta raka ta, ita ma iyakarta bakin ciyawa. Ta ce, "Ki yafe ni, 'yar'uwa, kin san ina da 'ya'ya." Asibi ta ce ta sani. Ta miƙi fako, inda ba ruwa ba fara, tana tafiya a karkace. Dila da ya ji, ya sa aka ƙara wa wasan wani yanki inda Asibi ke gudu don kunya. An ce nan ne ma aka fi tafi.

Tsohuwar gauraka irin Asibi ba ta rayuwa nesa da ruwa. Ungulu ce ta fara hango ta daga sama, ta sauka, ta daɗe ba ta tashi ba.

Tun daga ranar 'yan kallo suka ce Ungulu ta ƙara iya fitowa a Asibi. Wai yanzu kam abin ya shiga jikinta.