Yadda Ake Wankan Jego da Sola

Idan matarka ta kusa sauka, kuma kana tsoron surukarka ta kwashe ta zuwa wankan gida kamar a haihuwar fari, inda aka ce kwana arba'in aka yi wata biyar, to gyara zama. Matakan nan tabbatattu ne. Duk wanda ya bi su, mai jego za ta yi wankanta a gidansa ba tare da ya sayi ko ƙirare ɗaya ba. Ni da kaina na gwada.

1. Ka raina itace

Kowane magidanci daga Gaya har Gafasa ya san aikinsa. Tun ciki na wata bakwai yake jibge itace amalanke biyu a ƙofar gida, don surukai su gani hankalinsu ya kwanta. Kai kada ka yi. In aka tambaye ka a majalisa, ka ce sare bishiyoyi ne ya jawo mana wannan zafin. Gaskiya ce, kuma ba abin da ya kai gaskiya daɗin faɗa in ta zo daidai da aljihunka.

2. Ka je wurin Kamilu mai sola

Yana nan cikin kasuwar Gaya. Da kuɗin itacen ka sayi faranti ɗaya, batir ɗaya, ƙwan fitila uku. Ka tambaye shi ko zai tafasa ruwa.

Zai ce, "Haba yallaɓai! Wannan ai fitila ce da cajin waya. Ka jona masa hita, wallahi ko minti biyu ba zai yi ba."

Kada ka saurare shi. Ɗan kasuwa ne, so yake ka sayi babba.

3. Ka ɗora shi inda ya dace

Masu karatu za su ce farantin ya fuskanci rana. Rana ba ta da 'ya a gidanka. Ka juya shi ya kalli hanyar da baƙi ke shigowa.

4. Ka haɗa duro

Ka shafe duro da baƙin fenti, ka cika shi da ruwa, ka girke a tsakar gida. Sai ka jawo waya daga rufi ka ɗaure a jikinsa. Wayar ba ta aikin komai, amma ka hana kowa taɓa ta. In matarka Ummu Salma ta tsoma yatsa ta kalle ka, ka ce mata har yanzu inji yana sabawa da gidan.

5. Ka aika Balan, garin surukanka

Ka ce a gaya wa Inna Baiwa, mahaifiyarta, ta huta, bana rana ce za ta dafa ruwa. Ba za ta aiko da amsa ba. Kada ka ɗauka ta yarda.

6. Kada ka lissafa watan haihuwa

Ni ban lissafa ba. Yarinyar ta zo tsakiyar Agusta, ana marka, kwana uku ba wanda ya ga rana. Na kuma manta cewa wankan safe tun kafin gari ya gama wayewa ake yinsa, lokacin da ranar ma ba ta fito aiki ba. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, gwani ba ya tsayawa a kansu.

7. Ka tarbi Inna da ladabi

Za ta sauko daga adaidaita da ƙullin kanwa da damin ganyen darbejiya. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka gaishe ta kanka a ƙasa. Ba za ta kalli rufi ba ko sau ɗaya. Duro za ta nufa, ta tsoma hannu har gwiwa.

"Malam, wannan na alwala ne?"

"Na wanka ne, Inna. Sola ce. Hadari ne ya ɗan..."

"Ruwan randata ya fi shi ɗumi. Ina itacen?"

A nan ka nuna zurfin iliminka. Ka ce akwai kuma gas da ake samu daga kashin shanu, in aka jiƙa shi a rami, wata guda kacal yake yi ya nuna.

Inna za ta juya ta ce, "Ummu, naɗe jaririyar nan. Ce wa mai adaidaita kada ya kashe inji."

8. Ka taya su loda kaya

Ka yi da fara'a, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Ummu Salma za ta raɗa maka, "Ai na faɗa maka, Baban Hanne." Hanne ita ce babbar 'yarku, ita ma da ita za a tafi. Ka ce Allah ya kiyaye hanya, ka koma ciki kafin idonka ya tona maka asiri.

Togaciya

Marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko fushin suruka ne, ko dariyar majalisa, ko gyambon ciki daga cin garau-garau safe da yamma. Kada kuma kowa ya ɗora wa sola laifi, don ita ta cika alkawarinta. Tun da marka ta ɗauke, da an yi magariba ƙwan nan uku suke kamawa tar. Sai in zauna a bakin ƙofa, ina ganin ko'ina na ɗakin sarai, ba kowa a ciki.