Nomau a Bakin Ruwan Yawuri

Sunan ƙauyensu ya ɓace mini, amma na san can wajen Koko ne. Gidan mutum uku ne: tsohuwa Gwamma, da babban ɗanta Jatau, da ƙaninsa Nomau, wanda duk abin da aka faɗa masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Tari ya cinye Gwamma. Burinta ɗaya, ta ga ƙanwarta Lanti da ke aure a wani tsibiri kusa da Yawuri kafin ta mutu.

Wata rana cikin tsananin ɗari, Jatau ya ce, "Ni sussuka ta riƙe ni. Kai ta wajen Lanti ku kwana uku. Ka lulluɓe ta, kada iska ta taɓa ta ko'ina." Nomau ya naɗe uwarsa cikin bargo har fuska, ya ƙara tabarma, ya ɗaure da igiya, ya saɓa ta a kafaɗa sai tasha. Mutane suka miƙe suna salati. Direba ya ce ba ya ɗaukar gawa. Tabarma ta yi tari, sannan aka kwance ta, da ƙyar take numfashi.

Wata rana, ina jin washegari ne, a masaukin Yawuri inda ni ma na sauka, kusa da tsoffin rumbunan Turawan ciniki, mai gida ya kawo musu kaskon wuta. "Yaro, kada ka bari ta mutu," in ji shi. Itace ya ƙare, Nomau ya sa kujera. Kujera ta ƙare, ya ɓalle ƙyauren ɗakin ya faskara. Wuta ba ta mutu ba, amma sanyin kogi ya yi ta shiga har asuba, na ga jini a bakin zanen Gwamma.

"Kai wane irin ɗa ne?" in ji mai gida.

"Baba, duba, wutar tana ci," in ji Nomau.

Wata rana, ranar kasuwa, suka sauka bakin ruwa. Mai jirgi yana loda buhunan shinkafa da mutane da babur biyu. Ya ce wa Nomau, "Tsaya nan da tsohuwar sai na kira ka." Ya ci gaba da lodi, ya manta da su. Aka tayar da inji.

"Nomau, ɗauke ni mu shiga," in ji Gwamma. "Ba ni da wata kasuwar."

"Inna, bai kira ba."

Ta roƙe shi, ta zage shi, ta yi kuka. Ya riƙe hannunta gam har jirgi ya tafi. Muna kallo, a tsakiyar ruwa ya daki kututture ya kife. Adadin waɗanda aka rasa ya fita daga kaina. Fuskokin matan da ke gaɓa ne ba su fita ba.

Washegari da hantsi Lanti ta ƙetaro neman gawar yayarta, don an ce mata tana cikin jirgin, ta iske ta zaune a kan yashi. Suka rungume juna.

Nomau kuwa ya koma daidai inda mai jirgi ya tsayar da shi. Na ce, "Ɗana, zo ka ci abinci."

Ya ce, "Malam, kada ya kira ba na nan."